Kafasita Mai Lafiya a Ido, Matacciya a Aiki: Sharhi kan Awon ESR

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu gyaran kayan wuta da masu kawo musu gyara, daga Malbaza zuwa Birnin Ƙonni, har Illela da Badagishiri. Talabijin ko dikoda ko inbatar sola ta ƙi tashi. Mai gyara ya buɗe, ya cire wasu ƴan gwangwanaye masu ƙafa biyu, ya sa sababbi, na'ura ta kama aiki. Mai kaya ya karɓi tsofaffin ya jujjuya, bai ga ƙuna ba, bai ga fashewa ba, sai zargi ya ɗarsu a ransa: anya ba lafiyayyen abu aka canza masa don a ci kuɗinsa ba? Wani lokaci kuma akasin haka ake samu. Mai gyara ya auna gwangwanayen da mitarsa, ta nuna masa lambar da aka rubuta a jikinsu, ya wanke su daga laifi, ya koma yana canza abubuwan da ba su ji ba ba su gani ba, daga ƙarshe ya ce allon ya mutu, sai dai a sayi sabo.

Duka biyun tushensu ɗaya. Ɗan gwangwanin nan yana da wata cuta da ido ba ya gani, mitar da aka saba da ita ma ba ta cika kama ta ba. Awon da ke tona ta shi ake kira awon ESR. Sai dai shi ma wannan awo an fara ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, don haka ya kamata a san abin da yake faɗa da abin da ba ya iya faɗa.

Mece ce kafasita, mene ne ESR

Waɗanda suka koyi aiki a Yamai ko Maraɗi suna kiranta kondansatar, daga Faransanci. Waɗanda suka koya a Sakkwato ko Kano suna cewa kafasita, daga Ingilishi. Abu ɗaya ne. Aikinta ta riƙe wuta na ɗan ƙanƙanin lokaci, ta sake ta lokacin da ake bukata, ta yadda wutar da ke zuwa a tsittsinke za ta isa sauran sassan na'ura a miƙe. Kafasita iri-iri ce, amma wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai ruwan sinadari a ciki. Ana gane ta da siffar gwangwani, da layin da ke gefenta mai alamar debewa, wanda ke nuna cewa ba a juya ƙafafunta.

Idan aka tsaga ta za a tarar da dogayen fallaye biyu na alminiyam, an sa takarda a tsakaninsu an nannaɗe. Takardar a jiƙe take da ruwan sinadari. A fuskar ɗaya daga cikin fallayen akwai wata siririyar fata ta tsatsar alminiyam, ita ce ke hana wuta tsallakewa, a kanta kuma ajiyar ta dogara. An cinye fuskar fallen da sinadari ta yi ƙananan ramuka bila adadin domin faɗinta ya ninku, ruwan nan kuwa shi ke ratsa ramukan ya kai wuta kowane lungu. An toshe gindin gwangwanin da roba, an yi wa samansa tsaga mai siffar kuros ko harafin K, domin in iska ta taru a ciki ta sami mafita ta nan.

Lambobi uku ake rubutawa a jikinta. Akwai maikrofarad, mai alamar µF, wato yawan wutar da take iya riƙewa. Akwai bolt, iyakar ƙarfin wutar da za ta jure. Akwai digiri, galibi 85 ko 105, iyakar zafin da aka yi ta dominsa. Lamba ta huɗu ba a rubuta ta a jiki, sai a takardar bayanin kamfani, ita ce ESR.

ESR haruffan farko ne na kalmomi uku na Ingilishi. Ma'anarsu ita ce turjiyar da wuta ke cin karo da ita a hanyarta ta shiga kafasita da fitowa, an tattara ta wuri ɗaya an lissafa kamar a ce wata ƴar rezisto ce aka jera da kafasitar a layi ɗaya. A zahiri babu rezisto a ciki. Turjiyar tana fitowa ne daga ƙafafu, da fallayen alminiyam, da takarda, amma kaso mafi girma daga ruwan yake. Da om ake auna ta, mai alamar Ω. Idan maikrofarad shi ne girman randa, ESR shi ne ƙuncin bakinta: randa tana iya zama maƙil da ruwa, amma in bakinta ya tsuke har moɗa ba ta shiga da sauƙi, mai gaggawa bai amfana da cikarta ba.

Gaggawar nan ce ta sa maganar ta zama babba a wannan zamani. Tsohuwar rediyo mai taransifoma tana aiki da wutar gari kai tsaye, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, kafasitarta tana cika tana raguwa sau 100 kacal a daƙiƙa. Sashen wuta na talabijin ɗin yau, da dikoda, da cajar waya, da kwamfuta, da inbata, yana daddatse wuta sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, daga dubu hamsin ko sittin har sama da dubu ɗari. A irin wannan sauri, yadda wuta ke shiga da fita ya fi yawan ajiyar muhimmanci.

Yadda take tsufa, da rabon da zafin Adar ke ɗauka

Robar da ke toshe gwangwanin ba ta hana tururi fita ɗungurungum. Ruwan yana tsirarewa kaɗan-kaɗan tun daga ranar da aka ƙera ta, zafi kuma yana hanzarta shi. Idan ruwan ya ragu, hanyoyin da wuta ke bi zuwa cikin ramukan sai su ƙuntata, ESR ya hau. A mafi yawan lokuta ESR kan yi nisa da hawa tun kafin maikrofarad ya yi faɗuwar da za a lura da ita.

Daga nan cutar ke fara ciyar da kanta. Zafin da kafasita ke haifarwa a cikinta shi ne yawan wutar da ke kai-komo, a ninka shi da kansa, sannan a ninka da ESR. A ɗauka amfiya 2 ke kai-komo, ESR kuma om 0.05 ne: zafin wat 0.2 ne, abin da gwangwanin zai iya fitarwa ba wahala. Idan ESR ya kai om 0.5, zafin ya zama wat 2 a cikin abin da bai kai ɗan yatsa ba. Zafi ya ƙara busar da ruwa, bushewa ta ƙara ESR, ESR ya ƙara zafi. A lokaci guda kuma rawar da ke kan layin wuta ta tashi daga bolt 0.1 zuwa bolt 1. A layin bolt 5 da ke ciyar da ƙwaƙwalwar dikoda, wannan ya isa ya sa ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa, ko hoto ya riƙa daskarewa, ko a ji wani siririn kuka daga cikin akwatin.

Kamfanonin da ke ƙera kafasita suna amfani da wata ƙa'ida ta ƙiyasi: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon rai gida biyu, duk ragin digiri 10 yana ninka shi. Kafasita ta gama-gari akan ba ta awa 2,000 a iyakar zafinta. Wadda aka rubuta wa digiri 85, in tana zaune a digiri 45, ƙiyasin ranta awa 32,000 ne, sama da shekara uku da rabi ana aiki dare da rana. A digiri 65 kuwa awa 8,000 ne, alhali shekara guda awa 8,760 ce. Mai digiri 105 a wannan zafi na 65 ita ce za ta ba da awa 32,000.

Yanzu a kawo lissafin gida. A watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa a Ƙonni da Malbaza da Galmi yakan wuce digiri 40. Ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka ya fi haka. Cikin akwatin na'ura kuma ya fi ɗakin zafi, musamman kusa da ƙarfen da ke shanye zafin taransista, inda masu zana allo suka saba cusa kafasitoci saboda ƙarancin wuri. Ƙurar hunturu ta toshe ƙofofin iska, wasu kuma su lulluɓe dikoda da ƙyalle don kare ta daga ƙurar, su ƙara mata wani zafin. Digiri 65 a cikin akwati ba abin mamaki ba ne a nan. Ba duk shekara ake wannan zafi ba, kuma ƙa'idar ƙiyasi ce, ƙarshen rai a bakin kamfani yana nufin kafasita ta fita daga iyakar da aka yi alkawari, ba lallai ta mutu murus ba. Duk da haka lissafin ya nuna dalilin da ya sa na'urar da za ta yi shekaru a ƙasa mai sanyi take gajiya da wuri a kwarin Maggiya.

Akwai wani hali na ruwan da ke rikita mutane. Yana bari wuta ta wuce da sauƙi in ya ɗumama, yana ƙara turjiya in ya yi sanyi. Shi ya sa zafin bazara ke yin ɓarnar, amma sanyin Disamba da Janairu ke fallasa ta. Talabijin ya ƙi tashi da asuba, a yi ta danna shi, da hantsi ya kama aiki kamar ba shi ba. Gogaggen mai gyara yakan hura wa sashen wuta iska mai ɗumi. In na'ura ta tashi, ya san inda zai nufa.

Laifin wuta ne, ko na kafasita?

Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin mai kaya ita ce: "An ɗauke wuta aka maido, shi ke nan ta mutu." Ana ɗora laifin a kan kamfanin wuta na NIGELEC ko a kan janareta. Wani lokaci gaskiya ne. Wutar da ta hau fiye da kima tana iya fasa babbar kafasitar da ke bakin shigowa nan take. Wutar da ta yi rauni kuma tana tilasta wa sashen wuta na zamani ya ja amfiya mai yawa don ya cike giɓi, babbar kafasitar ta ƙara ɗumama.

Amma sau da yawa ɗaukewar wuta ba ta kashe komai ba, asiri kawai ta tona. A kusa da ƴar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa sashen wuta akwai wata ƙaramar kafasita, galibi tsakanin µF 10 zuwa 47, mai bolt 50, wadda aikinta shi ne ta riƙe ƙwaƙwalwar a daidai lokacin tashi. Muddin na'ura tana kunne kuma da ɗuminta, ko da wannan ƴar ƙaramar ta bushe ana iya ci gaba da lallaɓawa. Ranar da wuta ta ɗauke, allo ya huce, aka dawo da wuta, sai ta kasa tayar da shi. Irin waɗannan ƙanana ba su cika kumbura ba, bushewa kawai suke yi a tsaye.

Yawan kayan da ke ɗauke da wannan matsala yana ƙaruwa a yankin. Malbaza, garin da aka sani da masana'antar siminti tun shekarun 1960, shi ne ya karɓi tashar wutar rana mai megawat 7 da aka buɗe a watan Nuwamba na 2018 da bashin ƙasar Indiya, ta farko mai wannan girma a Nijar. A gidaje da shaguna kuma ƙananan faifan sola sun yaɗu. Yanke wutar da Najeriya ta yi wa Nijar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wanda ya kai har Maris na 2024, ya ƙara tura mutane ga sola da batir da janareta, domin a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. Kowace inbata ta gida, da na'urar daidaita cajin batir, cike take da irin waɗannan gwangwanaye, kuma akan ajiye ta a ɗakin da ya fi kowanne zafi.

Yadda ake awon

Mitar ESR tana aika wata ƴar wuta mai kai-komo da sauri, yawanci sau dubu ɗari a daƙiƙa, ta duba turjiyar da ta tarar. Dabarar ita ce, a irin wannan sauri ajiyar kafasita ba ta tare wuta sai kaɗan. Ga mai µF 1,000, tarewar da ajiya ke yi ba ta kai om 0.002 ba, don haka kusan duk abin da mita ta gani ESR ne. Ga mai µF 10 tarewar ta kai om 0.16, har yanzu da sauƙi. Ga mai µF 1 kuwa ta kai om 1.6, lambar ta fara gauraya. Ƙasa da haka awon ba shi da amfani sosai.

Ƙarfin wutar da mitar ke aikawa ƙanƙani ne ƙwarai, bai kai wanda zai buɗe dayod ko taransista ba. Wannan ne ya ba da damar a auna kafasita tana kan allo ba tare da an narka dalma an cire ta ba, kuma shi ne ya sa mitar ta samu karɓuwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗa ta a tsakanin masu gyara shi ne Bob Parker na ƙasar Ostareliya, wanda mujallar Electronics Australia ta buga zanen mitarsa a 1996, aka riƙa sayar da kayan haɗa ta. Yau ana samun ire-irenta daga Sin a farashi mai sauƙi. Akwai kuma ƙananan na'urorin gwada komai, masu gane taransista da dayod da rezisto, waɗanda su ma suke nuna ESR. Su waɗannan sai an cire kafasita daga allo, kuma lambarsu ba lallai ta yi daidai da ta takardar kamfani ba, domin ba a sauri ɗaya suke awo ba.

Abu biyu ne ke gaba da awo. Na farko sauke wuta. Wutar gari mai bolt 220, in an miƙar da ita, tana barin kusan bolt 310 a babbar kafasita, a wasu na'urori har kusan 400, kuma tana iya zama a ciki bayan an zare fulogi. Wannan yana ƙona mita, yana iya kashe mutum. Ta rezisto mai jure zafi ake sauke ta, sannan a tabbatar da mita. Haɗa ƙafafun da sukudireba yana ɓata allo da kafasitar kanta. Na biyu, a haɗa bakin wayoyin mita a mayar da ita sifiri, domin turjiyar wayoyin da dattin dalma kaɗai suna iya fin ESR na lafiyayyar kafasita babba.

Wace lamba ce lafiya?

A nan ne aka fi yin kuskure, domin babu lamba ɗaya. Om 2 a jikin mai µF 1 da bolt 50 lafiya ce lau. Om 2 a jikin mai µF 1,000 da bolt 16 mutuwa ce, domin sabuwarta ta gama-gari tana wajen om 0.1 ko ƙasa, irin ta musamman da ake yi wa sashen wuta na zamani kuma tana tsakanin 0.02 da 0.06. Babbar ta bakin shigowa, mai bolt 400, tana iya nuna rabin om ko fiye tana sabuwa. A dunƙule, ESR yana raguwa in maikrofarad ya ƙaru, kuma babban gwangwani ya fi ƙarami sauƙin hanya ko da lambobin jikinsu ɗaya ne.

Jadawalin da ake bugawa a fuskar mita jagora ne kawai, kuma wasu an tsara su tun zamanin da kafasitoci masu ƙarancin ESR ba su yawaita ba. Mai gyaran da ya ga om 0.12 a jikin mai µF 1,000, ya duba jadawali ya ce ta tsira, yana iya yin kuskure babba: in asalinta mai 0.03 ce, to ta riga ta ninka sau huɗu. Su kamfanoni, a takardunsu, sukan ɗauki kafasita ta ƙare in maikrofarad ya kauce da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ko asarar wuta a cikinta ta ninka iyakar farko sau biyu ko uku. Abin da ya fi jadawali shi ne takardar kamfani, wadda mai wayar zamani zai iya nemowa da sunan kamfani da haruffan da ke jikin gwangwanin. In ba ta samu ba, a gwada da sabuwa irinta daga hannun da aka yarda da shi. Kuma a tuna da zafi: takardun kamfani suna ba da lamba a digiri 20, allon da aka auna a rumfa da azahar ta watan Mayu zai nuna ƙasa da haka, ya sa mai rauni ta yi kama da mai lafiya.

Inda masu gyara suka saɓa

Wasu sun tsaya a kan ido. In ta kumbura ko ta yi yoyo a canza, in ba haka ba a bar ta. Rabin maganarsu daidai ne: wadda ta kumbura ba ta bukatar awo. Amma rashin kumburi ba shaidar lafiya ba ne.

Wasu sun dogara da awon maikrofarad na mitar hannu. Wannan mita a hankali take cika kafasita tana ƙirga lokaci, don haka turjiyar om ɗaya ko biyu ba ta dame ta ba. Ga shi kuma an yarda tun asali lambar ta kauce da kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa. Mai µF 1,000 da ta nuna 850 tana cikin iyaka, alhali tana iya kasa aikin da aka sa ta. Wadda wuta ke zurarewa ta cikinta ma takan nuna lamba sama da ta gaskiya, mai gyara ya ɗauka ƙarfi ne ya yi mata yawa.

Ra'ayi na uku ya fi waɗannan nauyi. Masu shi suna cewa, tunda kafasita ba ta da tsada, kuma waɗanda ke wuri ɗaya zafi ɗaya suka sha, in ɗaya ta lalace a canza duk na sashen, a huta da awo. A sashen wuta na dikoda ko talabijin da ya shekara da yawa, wannan shawara ce mai kyau, kuma ta fi hana mai kaya dawowa bayan wata biyu. Rauninta shi ne ta ɗauka cewa abin da za a sa ya fi abin da za a cire. Idan aka cire tsohuwar kafasitar kamfanin Nichicon ko Rubycon mai lafiya aka sa sabuwa marar asali, an ci baya. Kuma kowace narka dalma a allo mai siraran layuka kasada ce.

Masu ESR su ne suka fi kusa da gaskiya a yanayi irin na nan, inda bushewa ce babbar hanyar mutuwa. Matsalarsu tana farawa ne ranar da suka mai da mitar alƙali, alhali shaida ce.

Inda awon ke ruɗi

Kafasitar da ta haɗe a ciki, wuta tana ratsa ta kai tsaye, za ta nuna ESR kusan sifiri, wato lambar da ta fi kowace kyau. Sai an sake auna ta da mitar om ta gama-gari kafin a gane. Haka nan in an jera kafasitoci biyu ko uku kafaɗa da kafaɗa a layi ɗaya, kamar yadda aka saba a mafitar sashen wuta da cikin inbata, mai lafiya ɗaya tana rufa wa sauran asiri. Dole a ɗaga ƙafa ɗaya kafin a san ta kowacce. Naɗin waya ko ƙaramar rezisto da ke haɗe da ita a allo su ma suna jawo lambar ƙasa. Ke nan in mita ta nuna lamba mai yawa a kan allo, a yarda da ita; in ta nuna kaɗan, a ƙara bincike.

Awon ba ya nuna zurarewar wuta a cikakken ƙarfin aiki. Kafasitar da ta daɗe a ajiye ba wuta, fatar tsatsarta takan yi rauni, ESR ɗinta ya kasance lafiya amma ta yi zafi ko ta fashe da an ba ta cikakken bolt. Saboda haka ne masu ƙera na'urorin sarrafa gudun manyan injinan masana'antu suke umartar a farfaɗo da kafasitocinsu da wuta a hankali in na'ura ta daɗe a sito.

Akwai kuma kafasitocin da ba su shiga wannan magana ba sam. Ta fankar sama, mai wajen µF 2.5, da wadda ke riƙe motar famfon ruwa tana gudu, da ledar roba ake yin su, ba ruwan sinadari. In sun tsufa maikrofarad ɗinsu ne ke raguwa, fanka ta riƙa juyawa a kasale. A nan mitar maikrofarad ce ke da gaskiya. Wani sabon iri kuma, mai daskararren sinadari a madadin ruwa, wanda ake gani a allon kwamfuta, ESR ɗinsa ƙasa yake ƙwarai tun asali, tsohon jadawali ba ya aiki a kansa.

Abin da ake sayowa

Yawancin kayan gyara suna shigowa ta Ƙonni daga Illelar Najeriya, wadda ba ita ce Illelar Adar ba, daga Sakkwato da kasuwar Sabon Gari ta Kano, wasu kuma daga Maraɗi da Yamai. A cikinsu akwai na ƙwarai, akwai na gama-gari, akwai jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanonin Japan. Mitar ESR tana da amfani a teburin mai sayarwa kamar yadda take da shi a kan allo: wadda aka rubuta mata sunan iri mai ƙarancin ESR amma ta nuna ninki uku na abin da takarda ta ce, ta tona kanta. Abin da mitar ba za ta faɗa ba shi ne tsawon rai. Duniya ta ga misalin haka tsakanin 1999 da 2007, lokacin da kafasitoci masu gurɓataccen ruwa daga wasu kamfanonin Taiwan suka cika allunan kwamfuta. Suna sababbi lambobinsu kyawawa ne, bayan shekara ɗaya zuwa uku suka riƙa kumbura. Kamfanin Dell kaɗai ya ware kusan dala miliyan 300 a 2005 don gyaran kwamfutocinsa masu lalatattun kafasitoci.

Waɗanda ake cirowa daga matattun alluna, al'adar da ta zama dole inda sabo ke wuyar samu, ba haramun ba ne a aiki, amma sa su ba awo caca ce. Wajen musanya kuma, bolt ya yi daidai ko ya fi, digiri ya zama 105, sannan a mafitar sashen wuta a sa mai ƙarancin ESR. Ta gama-gari a wannan gurbi za ta tayar da na'ura yau, ta dafa kanta cikin ƴan watanni. Yawancin gyaran da ke dawowa, har a ce mai gyara bai iya ba, daga nan yake.

Abin da zai iya biyowa baya

In awon ya yaɗu a rumfunan gyara da cibiyoyin koyon sana'a na yankin, riba ta farko ita ce raguwar allunan da ake yanke wa hukuncin mutuwa saboda abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mai shagon cajin waya a Dogarawa ko mai firjin sola a Tajaye, wanda inbatarsa ita ce jarinsa, bambancin canza kafasita huɗu da sayen sabuwar inbata ba ƙarami ba ne a wurinsa. Riba ta biyu ta shafi yarda. Mai gyara yana iya ɗora tsohuwa da sabuwa a kan mita a gaban mai kaya, ya ce masa: "Alhaji, duba ka gani, wannan ta nuna 1.8, wannan 0.05." Ko wanda bai san om ba ya ga tazarar.

Akwai kuma haɗarin da ke tafe da shi. Mita mai arha a hannun wanda bai san iyakarta ba za ta haifar da sabon irin kuskure: a ga lamba ƙarama a kan allo a wuce, ko a ɗora ta a kan babbar kafasita mai wuta a ƙona ta ranar farko. Ga masu inbata babba, a asibitocin karkara da gidajen rediyon al'umma da rijiyoyin sola, amfanin awon ya fi fitowa in ana maimaita shi. A auna da safe, allo a huce, kafin shigar bazara, a rubuta lambar kowace kafasita a takarda a manna a cikin murfi, a sake aunawa bayan damina a kwatanta. Wadda ta tashi daga 0.04 zuwa 0.09 tana cikin iyakar yawancin jadawalai, amma ta ninka fiye da sau biyu, kuma canza ta a watan Fabrairu ya fi jiran ta tsayar da inbata a tsakiyar Afrilu.